Tambaya da Amsa: Cajin Batir na Biyu a Motar Shiga Ƙauye

Tun da bazara ta kama, wasiƙun da ke isowa wannan fili suka karkata ga batir na biyu da masu Hilux da Land Cruiser ke ƙarawa a motocinsu domin firji, fitila da cajin waya. Mun zaɓi guda huɗu daga Daura da Katsina, kuma ta farko ce za ta ɗauki mafi yawan fili, domin amsarta ta shafi sauran.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai sayar da magungunan dabbobi ne a Daura, kuma ina kai allurar rigakafi rugagen Fulani a yankin Baure, Zango da Mai'aduwa da tsohuwar Hilux mai jan ƙafa huɗu. Na sayi ƙaramin firji na mota da batir na biyu mai amfiya 100, mai gyaran wutar mota ya ajiye shi a bayan motar ya haɗa shi kai tsaye da na gaba. Sau biyu ke nan ina kwana a ruga in tashi da asuba motar ta ƙi tashi, sai an taru an tura ta a cikin rairayi. Yanzu kuma batirin da bai cika wata biyar ba ya daina riƙe caji. Batirin ne jabu, ko altanetar ce ta gaza?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a sana'a. Kafin ka zargi mai shago ko ka sa a kwance altaneta, wato na'urar da ke caja batir idan inji na aiki, ina ganin laifin yana ga yadda aka haɗa batiran, kuma matsaloli biyu ne daban suka taru a kanka.

Ta farko ita ce haɗin kai tsaye. Idan aka haɗa tankunan ruwa biyu da tiyo ta ƙasa, duk wanda aka buɗe famfonsa, ruwan dukansu ne zai sauka tare. Haka batira biyu suke idan waya ɗaya ta haɗa su babu abin da ke raba su: firjin da ke aiki cikin dare yana shan na baya da na gaba a lokaci guda, shi ya sa da asuba babu wanda ya rage da ƙarfin juya injin dizal. Amfanin batir na biyu gaba ɗaya shi ne ya ɗauki wahalar firji ya bar na gaba da cikakken ƙarfinsa, kuma wannan ba ya samuwa sai an sa na'urar da za ta haɗa su yayin da inji ke aiki, ta raba su da zarar an kashe.

Mafi sauƙin irin wannan na'ura wani makunni ne mai sarrafa kansa wanda ke auna ƙarfin wuta, masu sayar da kayan mota suna kiransa aisoleta. Cikakken batir na dalma, wato irin wanda aka saba sa wa mota, idan ya huta yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.7 a mitar auna wuta, idan kuma inji ya tashi altaneta takan ɗaga wutar zuwa tsakanin 13.8 da 14.4. Aisoleta tana jira har wutar ta kai wajen 13.3 sannan ta haɗa batiran biyu, idan kuma ta sauka zuwa wajen 12.8 sai ta yanke. Ga tsohuwar mota irin taka wannan ya wadatar, ba ta da tsada, kuma ba ta da abin lalacewa da yawa. Ina ba ka shawara ka nemi wadda ke da maɓallin haɗawa da hannu, domin ranar da na gaba ya raunana a wurin da babu wata mota kusa, za ka iya haɗa su na ɗan lokaci na baya ya taimaka masa.

Matsala ta biyu ita ce wadda na fi damuwa da ita, domin ita ce ke kashe batira a hankali ba tare da mai mota ya sani ba, wato kaurin waya. Daga gaban Hilux zuwa bayanta, idan aka bi lanƙwasar jikin mota, wayar takan kai mita 6, zuwa da dawowa mita 12 ke nan. Waya kuwa tana cin wani ɓangare na ƙarfin wutar da ke ratsa ta, kuma iya siririntarta iya cin da take yi. Wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita sikwaya 6, idan amfiya 20 na bi ta cikinta a wannan tsawo, tana zubar da kusan bolt 0.7 a hanya. Altaneta ta bayar da 14.0, amma abin da ya isa batirin baya 13.3 ne kawai, kuma da wannan ƙarfi cajin yana tafiya a hankali ƙwarai, ta yadda tafiyar yini ba za ta cika shi ba. Idan aka sa mai kaurin 16, asarar ba ta kai bolt 0.3 ba. Bambancin ya yi kama da ƙanƙani a takarda, amma shi ne tsakanin batirin da ke cika da wanda kullum yake kwana da yunwa. Batirin dalma da ya daɗe a rabin caji wani farin gishiri yakan daskare a jikin farantansa, kuma idan ya taurare ba ya narkewa, daga nan ƙarfin riƙonsa ya tafi. Ina kyautata zaton abin da ya sami naka ke nan cikin wata biyar.

Sai ka lura wajen sayen waya, domin kasuwa ta cika da wadda cikinta alminiyam ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, da wadda robarta ce mai kauri amma zaren cikinta kaɗan. Ka sa a yanka maka ƙarshenta, ka kankare zare ɗaya da wuƙa. Idan fari ya bayyana, ka ajiye ta. Araha ba ta ado a nan.

Akwai kuma irin batirin kansa, wanda ba ka faɗa mini ba. Batirin tada mota an gina shi ne ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙoƙi sannan a mayar masa nan take, farantansa sirara ne, kuma ba ya jure a riƙa zuƙe shi kowane dare. Wanda ya dace da firji shi ne mai jure zuƙa, irin wanda ake sa wa sola, kuma ko shi ba a so a sauke shi ƙasa da rabi, wato wajen bolt 12.1 zuwa 12.2 bayan ya huta. Ma'ana, batirinka mai amfiya 100, abin da za ka iya ci ba tare da cutar da shi ba 50 ne. Ƙaramin firji na mota yana jan amfiya 4 zuwa 5 idan kwamfiresarsa na aiki, kuma a zafin Afrilu da Mayu na ƙasar Daura, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, yakan yi aiki rabin lokaci ko fiye. Idan ka lissafa, yini da kwana ɗaya sun cinye rabon batirin gaba ɗaya. Saboda haka ka riƙa sanyaya firjin da wutar gida kafin tafiya, ka yi masa inuwa, ka rage yawan buɗe shi, kuma ka ajiye ma'aunin zafi a ciki, tun da yawancin alluran rigakafi ana so su zauna ne tsakanin digiri 2 da 8. Allurar da ta sha zafi kamanninta ba ya canzawa, makiyayi zai biya kuɗinta da amana, ya koma yana ganin garkensa ya tsira alhali bai tsira ba. Wannan ne ya sa na tsawaita amsarka.

Abu na ƙarshe, kuma kada ka yarda a gama aikin babu shi: fis guda biyu, wato abin da ke tsinkewa ya yanke wuta idan ta yi yawa, ɗaya dab da kan kowane batir, a kan jar wayar da ta haɗa su. Mutane da yawa suna sa guda ɗaya a gaba su manta cewa wayar tana da wuta daga ɓangarori biyu. Idan girgizar hanya ta sa ƙarfe ya goge robar wayar a ƙarƙashin mota, batir ɗaya kaɗai na iya tura ɗaruruwan amfiya cikinta, ta yi ja cikin daƙiƙoƙi. Na taɓa tsayawa a kan wata mota da ta ƙone ƙurmus a gefen hanya saboda wannan, mai ita yana tsaye da takardunta a hannu, su kaɗai ya iya fitarwa. A saka wayar cikin bututun roba, a ɗaure ta nesa da salansa, a sa zoben roba duk inda ta ratsa ƙarfe, sannan a ɗaure batirin da ƙarfe a jikin mota don kada ya yi tsalle a kan gargada.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina aiki da wata ƙungiya mai duba rijiyoyin burtsatse, kuma daga Katsina muke fita zuwa Mashi, Mani da Ingawa. An ba mu sabuwar mota, muka sa mata aisoleta irin wadda ta yi mana aiki shekara da shekaru a tsohuwar, amma a wannan sai mu ji tana ƙas-ƙas, tana haɗawa tana yankewa, batirin baya kuma ba ya cika. Wani ya ce mu sayi batirin lithiyam. Shin zai magance matsalar?

Amsa: Malam, lithiyam shi kaɗai ba zai magance ta ba, yana iya ma ƙara muku wata. Abin da ya canza shi ne altaneta. A tsofaffin motoci tana riƙe wuta a wajen bolt 14 muddin inji na aiki. A sababbi da yawa kwamfutar mota ce ke juya ta domin rage shan mai: idan ta ga batirin gaba ya cika sai ta sauke wutar zuwa sha biyu da ɗoriya, idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur ko ya taka birki sai ta ɗaga ta har kusan 15. Akwai kuma wasu motocin dizal da ke farawa da 14 da safe, su sauka zuwa wajen 13.3 ko 13.5 idan inji ya ɗau zafi. Aisoleta ba ta san wannan ba, duk lokacin da wutar ta sauka zuwa wajen 12.8 sai ta ɗauka an kashe inji ta yanke, kuma wannan ne ƙarar da kuke ji.

Ba sai kun yi ta zato ba. Ku sami mita, ku auna kan batirin gaba da zarar an tada mota, ku sake aunawa bayan tafiyar minti 20 zuwa 30, zai fi kyau ma a sa ƙaramar mitar da ake cusawa a ramin caja a riƙa kallonta a kan hanya. Idan lambar ta tsaya a saman 13.8, aisoleta za ta yi aiki, sai a nemi laifin a waya. Idan tana hawa da sauka, abin da kuke buƙata shi ne cajar da ake kira DC-DC.

Wannan caja tana karɓar duk abin da altaneta ta bayar, ko 12.5 ne ko 15, ta mayar da shi daidai ƙarfin da batirin baya ke so, kuma ta yi cajin mataki-mataki: ta tura da ƙarfi da farko, ta riƙe wutar a wajen 14.4 har ya ƙoshi, sannan ta sassauta. Tana kuma ƙayyade abin da za ta ja, yawanci amfiya 25 ko 40, kuma tana raba batiran idan an kashe inji, don haka ta maye gurbin aisoleta gaba ɗaya. Wurin da ya dace a kafa ta shi ne kusa da batirin baya, domin ta rama asarar da doguwar waya ta yi. A motar da ke da irin wannan altaneta akwai siririyar waya da ake jona wa layin makulli domin cajar ta san inji na aiki, kuma sau da yawa ita ce masu haɗawa ke mantawa. Haka nan baƙar waya a jikin ƙarfen mota ake ɗaure ta, kada a ɗaura ta a kan batirin gaba, saboda a nan ne ƙaramar na'urar da kwamfuta ke auna shige da ficen wuta take, kuma idan aka tsallake ta lissafin kwamfutar yakan rikice.

Game da lithiyam, irin da ake sa wa mota shi ne wanda za ku ga an rubuta LiFePO4 a jikinsa, kuma ba na musun amfaninsa. Nauyinsa bai wuce rabin na dalma ba, ana iya cin kashi 80 cikin 100 na cajinsa ko fiye, kuma yana karɓar caji da sauri. Sai dai wannan saurin ne haɗarinsa idan aka haɗa shi da aisoleta, domin idan ya sauka yakan ja duk abin da altaneta za ta iya bayarwa na tsawon lokaci, ita kuwa idan mota na tafiya a hankali cikin yashi fankarta ba ta juyawa da saurin da zai sanyaya ta, sai ta ƙone. Bayan haka, lithiyam yana hutawa ne a wajen bolt 13.2 zuwa 13.3, sama da inda aisoleta ke yankewa, don haka wasu ba sa raba batiran ko an kashe inji. Idan za ku saya, ku saya tare da cajar DC-DC mai saitin lithiyam, kuma ku ajiye shi a cikin mota, ƙarƙashin kujera ko bayanta, kada a sa shi ƙarƙashin bonet inda zafi ke wuce abin da zai iya ɗauka. Idan kuɗin ƙungiya bai kai na duka biyun ba, ni dai zan fara da cajar, in ci gaba da batirin dalma har ya gama kwanansa.

Tambaya: Malam, mijina ya rasu ya bar mana tsohuwar Land Cruiser a nan Ƙofar Ƙaura, kuma ɗana ne ke tuƙa ta. Mun ga batir biyu a gabanta tun asali. Yana so ya jona firji da fitila a ɗaya daga ciki. Ya halatta a yi haka?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙansa da rahama, ya albarkaci abin da ya bari. Ki ce wa yaron ya dakata tukuna. Batir biyu da suka zo da irin wannan mota daga kamfani duka na tada inji ne, babu na ajiya a cikinsu. A wasu tsofaffin Land Cruiser na dizal an jera su ne ɗaya bayan ɗaya domin su ba da bolt 24, kuma ana gane haka idan waya ta tashi daga kan mai alamar ƙari na ɗaya ta shiga kan mai alamar ragi na ɗayan. A irin wannan, idan aka ja wuta daga guda ɗaya, shi zai riƙa zama da yunwa, ɗan'uwansa kuma caji ya yi masa yawa har ruwansa ya ƙone, a ƙarshe a rasa duka biyun. Abin da ake yi shi ne a sa na'urar da ke sauke 24 zuwa 12, ko cajar DC-DC mai karɓar 24 ta caja batir na uku. Idan kuwa ƙari da ƙari aka haɗa, ragi da ragi, to bolt 12 ne, amma duk abin da aka jona zai sha su tare kamar yadda na bayyana wa mai tambaya na farko. Ranar da za a canza su, a canza duka biyun lokaci guda, iri ɗaya, girma ɗaya.

Tambaya: Idan na yada zango kwana biyu ko uku a gona wajen Sandamu, nakan bar motar a silo, tana tsaye inji na aiki, awa ɗaya safe da yamma domin batirin baya ya cika. Ya isa, ko in sayi farantin sola?

Amsa: Malam, lissafin ba ya goyon bayan silo. Ko da cajar amfiya 25, awa ɗaya ba za ta mayar da fiye da 25 ba, kuma batirin dalma idan ya kai wajen kashi 80 sai ya rage karɓa, ragowar takan ɗauki sa'o'i. Ko tafiya daga Daura zuwa Katsina, wadda ba ta wuce kilomita 80 da 'yan kai ba, ba ta cika batirin da aka sauke zuwa rabi. Ga man dizal da kake ƙonawa, ga inji da ba ya son doguwar silo.

Sola ta fi dacewa da mai zama wuri ɗaya, kuma rana ba abin da muke nema ba ce a ƙasar nan. Faranti mai wat 150 yana ba da kusan amfiya 8 da tsakar rana, a yini mai haske kuma yakan tara tsakanin 40 da 50, wato kusan abin da ƙaramin firji ke ci. Kada a jona shi kai tsaye ga batir. Dole ya bi ta na'urar daidaita caji, kuma cajojin DC-DC da yawa suna zuwa da mashigar sola a jikinsu, sai na'ura ɗaya ta yi aiki biyu. Na fi son farantin da ake naɗewa mai doguwar waya a kan wanda aka kafe a rufi, domin za ka iya ajiye motar da firjin a inuwar bishiya ka shimfiɗa shi a rana. Lokacin hunturu ƙura na rage masa ƙarfi sosai, sai a riƙa goge shi da tsumma mai laushi kowace safiya.

Idan batirin naka mai murfi ne da ake ƙara wa ruwa, ka riƙa duba shi duk mako biyu a bazara, ka ƙara ruwan batir kawai, ban da na rijiya ko na leda, kuma ban da asid. Irinsa yana fitar da iska mai kama wuta yayin caji, don haka ba a rufe shi a cikin mota inda mutane ke zaune, kuma ba a kunna ashana kusa da shi. Idan ka dawo gida, ka sa shi a cajar wutar gida ya kwana har ya cika, sannan ka cire shi ya huta 'yan sa'o'i ka auna. Idan mita ta nuna 12.6 ko sama, lafiyarsa ƙalau. Idan ya kasa wuce 12.3 bayan cikakken caji, ka fara tanadin kuɗin wani kafin damina ta sauka.